Yadda na zauna jarabawar CAP ta lantarki bayan na daɗe da barin lakwal

Abokan aiki da yawa na tare ni, wasu a kasuwa wajen masu saida waya da ampul wasu a shantiye, kuma tambayarsu guda ce, wai ƙaƙa ka yi ka samu CAP, takardar gwamnati ta shaidar iya sana'a, alhali tare munka tashi cikin atiliye? To bari in rubuta shi sau guda kowa shi karanta, wanda bai iya karatu ba yaronshi shi karanta mishi.

Ni dai lakwal ɗina a tarwaziyam ta tsaya. Na zauna birbe ban samu ba, tsoho ya ce babu zaman banza a gidan ga, ya kama hannuna ya kai ni wajen wani abokinshi mai aikin wuta a Sabon Gari, nan Maraɗi. Nan na yi aparanti, tun daga ɗaukar tsani da sassaƙar bango har na kai ina ja ma gida waya ni kaɗai daga kwantar har ɗakin ƙarshe. Na yi aure, na samu ɗiya, na samu nawa yaran aiki, kuma ban taɓa jin rashin takarda ya rage ni da komi ba, don a unguwa ba wanda ke tambayarka diplom kahin shi ba ka aikin gidanshi, wane ya yi ma wane aiki ya yi kyau, shi kenan an kira ka.

Abin ya sake ne cikin 2023. Kun tuna bayan juyin mulkin 26 ga watan Yuli da CEDEAO ta aza takunkumi, Najeriya ta yanke muna wuta, layin da ke zo muna ta Katsina ya yi shiru wata da watanni, duk mai ɗan hali a garin ga ya koma neman pano da batir. Mu masu aikin wuta kam kasuwa ta buɗe muna, ba ƙarya. To cikin wannan hidima ne na ji wani proje na neman masu haɗa sola a gidajen likita na ƙauyuka, aiki na wata da yawa kuma kuɗɗi mai kyau. Na haɗa takarduna na kai. Biyu ne: guda maigidana ya sa anka buga mini ita a kwamfuta ya sa hannu, cewa na yi aiki ƙarƙashinshi kuma na iya, guda kuma ta wata santar ce mai zaman kanta inda na taɓa biya na yi horon sola na ƴan watanni, takarda mai kauri da zanen ruwan zinari a gehe ga hotona a kai.

Mutumin da ke karɓar dosiye ya dube su ya ce mini, "Malam, aikinka mun ji labarinshi, amma abin da anka rubuto muna shi ne diplom na ƙasa, ko da CAP ne. Waɗanga atestasiyo ne." Na ce to mi ne bambancin, ba ga tambari nan ba? Ya ce bambancin shi ne wanda ya koya maka shi ne ya shaide ka, kuma kai ka biya shi. Ya maido mini su cikin mutunci. Ran nan raina ya ɓaci sosai don yaron da anka ɗauka na san shi, na girme shi a aiki nesa ba kusa ba.

Da hushin ya sauka sai na tahi biron jiha mai kula da ilimin sana'a in yi tambaya. Allah ya haɗa ni da wani dattijo da ya kusa rataret, irin mutanen ga da ba su gajiya da bayani, ya juya bayan wata takarda ya zana mini abin daki-daki. Ya ce kowace jarabawa a ƙasar ga tana da mai ita. Sartifika ta ƙarshen firamare, CFEPD kenan, da birbe, suna hannun sashen jarabawa na ma'aikatar ilimi. CAP da BEP na ɓangaren koyon sana'a ne, wanda wata gwamnati ta kan ware mishi ministanshi wata kuma ta haɗe shi da ilimi, amma masu jarabawarshi na nan ko mi anka sake. Bak kuma da BTS na ƙasa, wato diplom na fasaha da ake yi bayan bak, da auna takardun da mutane ke zowa da su daga waje, wata hukuma ce a Yamai mai suna OBEECS ke riƙe da su, a da can jami'ar Abdu Mumuni ce ke shirya bak ɗin. Ya ce ma'aikata ke tsaida abin da za a koyar ko'ina cikin ƙasa, su kuma masu jarabawa su ke hidda tambayoyi, su naɗa masu tsaron ɗaki da masu gyara, su ajiye babban kundin da sunan duk wanda ya ci ke ciki. Lakwal koyarwa kaɗai gare ta. Ko lise teknik Ɗan Kasawa da duk girmanta da daɗewarta, diraktanta ba shi da ikon ba ɗalibi bak, iyakarshi shi tura shi jarabawa shi yi mishi addu'a.

Na ce to su masu santoci da lakwal na kuɗɗi hwa, ba gwamnati ta ba su izini ba? Ya yi dariya ya ce izinin buɗe ƙohwa daban, ikon ba da diplom daban. Wadda ke da izini ana zuwa a duba ta, a ga malamanta da kayan aikinta da ko tana bin tsarin karatun ƙasa, in shekara ta ƙare ta kai sunayen ɗalibanta su zauna jarabawa tare da na gwamnati, ɗaki guda tambaya guda. Wadda ba ta kai ɗalibai jarabawar ƙasa kuwa duk abin da ta ba ka shaida ce ta cewa ka zauna wajenta, ba laihi ba ne kuma tana da amhwaninta, amma kar ka ɗauke ta ka nuhi konkur. Ya ce in duba kasuwar hatsi, in kowane mai gero zai zo da tashi tiya daga gida wa zai yarda da awon wani? Sannan ya hwaɗa mini abin da na zo nema: ba dole sai ta lakwal ake shiga ba, akwai ƙohwar kandida libir, mutum shi kai kanshi da kanshi in ya cika sharuɗɗa.

Wanga zance ya tuna mini da ɗan kawuna da ke Katsina, shi ma aikin wuta shike. Can ma haka abin shike sai dai hukumominsu sun hi namu yawa, ga WAEC da ke nan tun 1952 tana yi ma ƙasashe biyar jarabawa, ga NECO tasu ta gida da ta zo a 1999, sai NABTEB ta 1992 wadda ita ce ta ƴan sana'a da fasaha. Shi NABTEB gare shi. Da ya so shi zo nan neman aikin kamhwani sai anka ce takardarshi sai ta bi ta Yamai an duba an hwaɗi da wace tamu ta yi daidai. Tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba, harshe guda, auratayya ba iyaka, waya ma kasuwa guda muke sayenta, amma takarda ba ta ƙetare iyakar Ɗan Isa haka nan kai tsaye.

Haɗa dosiye wallahi ya hi jarabawar kanta ci mini rai. Abin da anka nema wajena: takardar haihuwa, nasiyonalite, hotuna, takardar roƙo rubutun hannu mai tambur, shaidar inda karatuna ya tsaya, shaidar aiki, da rasi na kuɗɗin rajista. Kwafi kuma ba a karɓa sai an kai meri ko kwamisariya an gwada da ta asali an buga tambari. A baki kam da sauƙi. Da na hiddo takardun sai ga sunan mahaihina an rubuta shi iri biyu, a takardar haihuwa da wani harahi, a ta kwalej da wani, aikin wanda ya rubuta ni ran da anka sa ni lakwal ne, Allah kaɗai ya san inda shike yanzu. Mu nan mun saba, Isuhu da Yusuhu mutum guda ne, Mamman da Mahamman ba mai tsayawa gardama a kai, amma wajen masu jarabawa mutum biyu ne. Sai da na koma tsohuwar kwalej ɗinmu anka tono rajista anka sake mini takarda daidai da ta haihuwa. Nawa ma mai sauƙi ne, a layi na gamu da wanda ba shi da takardar haihuwa sam, sai da ya je jastis da shaidu anka yi mishi jijma, kahin ta hito har an kusa ruhe rajista. Lokacin ina ta ƙorahi ina cewa wahalar da talaka ce kawai, sai dattijon nan ya ce mini in anka bari harahi guda ya wuce, gobe ƙane zai ɗauki diplom na wanshi shi shiga aiki da shi, kuma an sha gani.

Sai karatu. Na samu wani mushe mai koyar da lantarki, muna haɗuwa a zaurenshi bayan isha'i ni da wasu irina da sunka baro lakwal da daɗewa. Daren hwarko ya miƙo mini takarda da bik ya ce in zana mishi ba-e-biyan, wato hitilar da ake kunnawa ta ƙohwa a kashe ta bakin gado. Abin da na haɗa ba iyaka a gidajen mutane, ido ruhe ina yin shi, amma a ce in sa shi bisa takarda da alamomin da anka yarda da su, yadda wani a Damagaram ko Agadas zai duba shi gane ba sai na yi baki ba, nan hannuna ya tsaya. Haka lissahi. U = R x I, P = U x I, firiji da hwanka nawa waya kaza za ta ɗauka kahin ta yi zahi, mu da ido muke yi da kuma abin da munka ga maigida na yi, kuma sau da yawa mukan dace, amma dalilin ba mu iya hwaɗi.

Inda na hi jin jiki shi ne ɗabi'un shantiye da tsarin jarabawa ke lissahwa a kuskure. A tsari waya 1,5 ta hitila ce, 2,5 ta priz, shuɗiya ta notir, mai kore da rawaya ta ƙasa, ba a musanya su. A shantiye mai gida ya je ya sayo wadda ta hi araha, kala guda, duk gidan ja ne, wanda zai zo gyara bayanka ta Allah ta hisshe shi. Mu murɗa waya biyu mu naɗe da salatif mu tura cikin bango, su kuma sai domino cikin bwat mai murhi. Turken ƙasa da disjonktar mai 30 miliampa da ke yanke wuta in ta kama mutum, gida nawa a garin ga anka yarda anka biya kuɗɗinsu? Ka ce ma Alhaji a sa sai shi ce so kake ka ci da shi. Ga kuma namu na ƴan iyaka, priz mai baki uku irin ta Najeriya da mai baki biyu zagayayye irin ta Faransa duk cikin ɗaki guda, alhali karatun bisa ƙa'idar Faransa shike, wadda ake kira NF C 15-100. Mushen ya ce mini, "Malam, ni ba aiki zan koya maka ba, ka hi ni sauri. Abin da zan raba ka da shi ya hi abin da zan ƙara maka yawa."

Faransanci kuwa ƙanwata da ke jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ita ta riƙe ni, tana ba ni rubutu tana ja da jan bik ba ko kunyar yaya. Uwargida ta leƙo ta gan ni bisa tabarma ni da ɗiyata kowa da kayenshi ta ce, "Maigida, yanzu ku duka ƴan lakwal ne, wa zai kai cehwane?"

Maigidana da ya koya mini aiki bai so abin ba tun hwarko. Da na kai mishi shaidar aiki shi sa hannu ya ce, "Kai yaro, shekara nawa ina ja ma Alhazan garin ga waya, wane gida ka ji ya ƙone? Yanzu wani mai bik a aljihu ne zai hwaɗa maka ko ka iya?" Na ce Baba ba raina koyarwarka na yi ba, mutanen da ba su san ka ba ne ke tambaya. Ya yi shiru ya sa hannu. Ana gobe jarabawar aikin hannu ya aiko yaro da pans ɗinshi mai kyau wadda ba shi bari kowa shi taɓa.

Jarabawar ta zo cikin 2024, shekarar da anka maido sartifika ta firamare bayan an yi wajen shekara goma ba a yin ta, don haka gidaje da yawa ana cikin zullumi babba da yaro. An ba kowa konbokasiyo mai lamba, ba ka shiga sai da ita da katin ɗan ƙasa, salula kuma waje. Na zauna tsakiyar ƴan CET, yaran da tun daga firamare anka kai su kwalej ta fasaha, wasu na haihe su. Shugaban juri ba ɗan Maraɗi ba ne, daga wata jiha anka turo shi, masu tsaronmu ma ba malaman lantarki ba ne. Anka shigo da ambulan a liƙe anka ɗaga kowa ya gani, anka kira mutum biyu cikinmu sunka duba ba a taɓa ba sannan anka yage a gabanmu. Sunanka a saman takarda kaɗai kake rubutawa, wajen nan kuma ruhe shi ake a ba takardar wata lamba, mai gyara bai san ta wa shike riƙe da ita ba, ko ta ɗanshi ce. Munka yi Faransanci, lissahi, zane, teknoloji, da ɗan abin da ya shahi dokar aiki da kiyaye haɗari.

Kahin nan akwai wanda ya riƙa zagayawa shina cewa a ba shi ƴan jikkuna shi turo tambayoyi ta WhatsApp, wasu sun ba shi, ko guda cikin abin da ya turo bai hito ba. Ba ina cewa ba a maguɗi a jarabawa ba ne, duk inda mutane suke akwai na banza kuma muna jin ana kama su. Abin da na lura shi ne an shirya abin yadda mutum guda ba shi iya yi shi kaɗai, mai hidda tambaya daban, mai tsaro daban, mai ruhe suna daban, mai gyara daban, sai ka saye su duka kuma ba su san juna ba.

Aikin hannu shi ne mai nauyin maki, kuma an hwaɗa muna akwai iyakar da in ka hwaɗi ƙasa da ita ka hita ko mi ka ci a rubutu. Anka ja ƙuri'a kowa ya samu allonshi na katako, anka ba mu shema da kaya a ƙirge, anka hwaɗi lokaci. Hitila mai ba-e-biyan, priz mai wayar ƙasa, ƙararrawa, da disjonktar ɗinsu. Masu dubawa biyu ne, wani mushe da ya zo daga wani gari da wani ma'aikacin wuta wanda ka gani ka san ya sha shantiye. Kowa da takarda mai layi-layi a hannu, kuma ba wai hitila ta kama ko ba ta kama ba kaɗai suke dubawa, akwai makin karanta shema, na awo, na tsabtar aiki, na ɗaurin waya, na kala, na kiyaye kai, na lokaci. Ba su magana, su tsaya bayanka su duba su rubuta su wuce, wanga shirun ya hi hwaɗa tada hankali.

A damana wani ne irina, tsohon hannu, na san shi a gari aikinshi na da kyau. Shi ya riga kowa gamawa kuma hitilarshi ta kama tashi guda. Amma da haƙori ya riƙa ɓare waya, kuma da wani ɗauri ya yi sako-sako sai ya sa turnabis ya ƙara matse shi wuta na kunne, yadda duk muke yi. Na ga ma'aikacin nan ya girgiza kai ya yi rubutu mai ɗan tsawo. A haguna kuma yarinya ce ƴar CET da hijabinta ta ɗaure shi baya, a hankali take, komi sai ta auna da mita ta sa nibo, wayoyinta a miƙe kowace kusurwa daidai, kuma kahin ta ce a ba ta wuta sai da ta bi layi-layi da miltimetir ta tabbata ba inda ya haɗe. Saura kaɗan lokaci shi ƙare mata, amma allon da ya hi na kowa kyau a ɗakin nan nata ne. Masu cewa ƴan lakwal ba su iya komi ba sai surutu, da sun zo sun gani.

Inda shekarun shantiye sunka biya ni shi ne depanaj. Su hidda kai waje su ɓata wani abu cikin haɗin, su kira ka su ce nemo. Yaran nan wasu sun ruɗe suna kwance komi da komi, ni kuwa na kashe wuta na tambayi mi ke kamawa mi ba shi kamawa, na nuhi bwat ɗin tsakiya, sai ga notir an zare an maida ita yadda ido ba shi gani. Mushen ya ce don mi ka hwara ta nan? Na buɗe baki Hausa ta hito, na yi bayani tsab, ma'aikacin na ta ɗaga kai don ya gane. Mushen ya ce, "Malam, na ji ka, amma sake hwaɗi da Faransanci ko da karyayye ne, shi zan iya ba maki." Na haɗa na kakkarya na hwaɗa, gumi na zuba.

Sakamako ba mutum guda ke yanke shi ba. Juri ke zama a tara maki bisa lambobi, a ga wanda ya kai 10 bisa 20, sai an gama sannan a buɗe a ga lamba kaza sunan wa ce, a rubuta takardar zaman kowa shi sa hannu. Ran da anka kira sakamako lambata ta hito, Alhamdulillahi, yarinyar nan ma ta ci da maki mai yawa. Maƙwabcina na dama bai samu ba, rubutu ya ja shi ƙasa ga kuma abin da ya rasa wajen kiyaye kai, kuma har yau in gidana ne zan iya ba shi aiki in yi barci.

Wani abin da mutane ba su sani ba, ba a miƙo maka diplom ran nan. Atestasiyo ta cin jarabawa ake hwara ba ka da takardar maki, da su kake neman aiki, shi diplom ɗin sai daga baya shi hito daga Yamai da sa hannun manya, kuma sau guda ake ba da shi. Dattijon nan ya gargaɗe ni kar in kai shi a liƙe da roba don wasu wuraren ba su buga ma kwafi tambari in ta asalin na cikin roba, kuma kar in taɓa barin ta asali a hannun kowa, kwafi mai tambari ake ba da wa. Lambar da ke jiki ita ce komi, mai ɗaukar aiki in ya yi shakka sai shi rubuta ma masu kundin su duba ko shekara kaza a santar kaza akwai wanga suna, ta haka ake kama masu na jabu da ake bugawa a kwamfuta.

Yanzu in an tambaye ni ra'ayina, ni na yarda da tsarin, don na ga amhwanin a ce wanda bai san ka ba bai san ubanka ba shi ne zai auna ka, kuma abubuwan da anka tilasta mini na bari, irin aiki wuta na kunne da rashin wayar ƙasa, abubuwa ne da ke kashe mutane da gaske. Amma ƙohwar ta yi ƙunci. Maigidana ko kwana nawa za a ba shi ba shi iya rubuta shahi guda da Faransanci, kuma rabin masu aikin wuta na unguwarmu ta hannunshi sunka bi. Irinshi cike suke a garin ga, makanikai, masu walda, teloli, magina. Cikin Maris na 2025 kundin da gwamnati ta hiddo ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi na aiki ne, to mi zai hana tambayar baki ta aikin hannu a yarda mutum shi amsa da Hausa ko Zabarmanci a ba shi makinshi? Alamomin shema ai ba su da harshe, wuta ma haka. A tsananta wajen kiyaye kai yadda ake yi, har a ƙara, amma kar a kada mutum don bai san jinsin kalma ba.

Projen da ya sa na shiga wanga hidima ya riga ya gama ya tashi kahin takardata ta hito. Abin da ta yi mini dai, na yi rajista da ita a ANPE, hukumar da ke kula da masu neman aiki, kuma yanzu in ana neman dosiye na ƙaramin marshe ina sa nawa ba sai na raɓa da sunan wani in ba shi kaso ba. Mushen da ya koyar da ni na matsa mini in nemi BEP, ban yanke ba tukuna don lissahin can ya hi wanga zahi. Masu yara a atiliye kuma ku riƙa sa kunne ga horon da FAFPA, asusun tallafa ma koyon sana'a, ke ɗaukar nauyi, wanda yaro ke yin rabi wajen maigidanshi rabi a santar, kuma duk inda za ku biya kuɗɗi ku tambaya tun hwarko, a ƙarshe jarabawar ƙasa ake kai yaro ko takardar gida ake ba shi. Zancen rajista kuma tun an koma lakwal ake hwara bin shi, in ka jira sai zahi ya shigo ka tarar an ruhe.

Babban yarona na atiliye dosiyenshi na hannuna yanzu, komi ya haɗu sai takardar haihuwa, uwarshi ta ce tana Dakoro cikin akwatin kakarshi. Na ba wani direba saƙo shi karɓo muna, in ta zo mu ga ƙaƙa anka rubuta sunan ubanshi.